Bluebird Cafe a Nashville: ɗaki mai kujera 90 da ake zuwa don jin wanda ya rubuta waƙar

Duk wanda ya taso yana jin muryar Kenny Rogers ko Don Williams a rediyo, ko a kaset cikin motar haya, zai iya rantsewa cewa mai muryar shi ne mai waƙar. Sau da yawa ba haka ba ne. A Nashville, babban birnin jihar Tennessee ta Amurka kuma cibiyar kiɗan kantiri (salon waƙar da ya samo asali a karkarar kudancin Amurka), rubuta waƙa sana'a ce mai cin gashin kanta, rera ta kuma wata sana'a ce daban. Mu da muka saba mawaƙi shi ke tsara abinsa ya fito da 'yan amshinsa, wannan rabon aiki yakan ba mu mamaki. Bluebird Cafe gida ne na masu sana'ar farko, mutanen da sunansu ke can ƙasan bayan faifai da ƙananan baƙaƙe. A takarda gidan abinci ne. Amma wanda ya je don cikinsa zai fito yana ƙorafi, wanda ya je don kunnensa zai ga kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Wurin yana lamba 4104 a titin Hillsboro Pike, unguwar Green Hills, kimanin kilomita 8 kudu da tsakiyar gari. Daga waje babu abin da zai ja ido. Yana cikin jerin ƙananan shaguna ne a bakin titi, da 'yar rumfa shuɗiya a saman ƙofa, har baƙo yakan wuce shi ya dawo. Ciki kuwa ɗaki ɗaya ne, rufinsa ba tsawo, bangonsa cike da hotunan mawaƙa da marubuta masu sa hannu, an zagaye shi da ƙananan fitilu. Tebura sun matsu da juna yadda gwiwarka za ta taɓa ta wanda ba ka sani ba. Akwai ƙaramin dandamali a jikin bango, akwai kantar sayar da abin sha, akwai dogayen bencina na katako irin na coci a can baya. Iyakarsa ke nan.

Amy Kurland ce ta buɗe shi a watan Yunin 1982. 'Yar gidan kiɗa ce, mahaifinta Sheldon Kurland sanannen mai goge ne a ɗakunan ɗaukar sauti na Nashville. Niyyarta ta farko gidan abinci ne mai ɗan kiɗa a gefe, sai kiɗan ya rinjayi girkin. A 1984 aka fara daren marubuta na ranar Lahadi, kuma babban baƙo na farko shi ne Don Schlitz. A 1985 aka gwada abin da ya zama tambarin gidan har yau: maimakon a hau dandamali, marubuta huɗu, wato Schlitz da Thom Schuyler da Fred Knobloch da Paul Overstreet, suka jera kujerunsu a tsakiyar ɗaki suna fuskantar juna, jama'a suka kewaye su. A 2008 Kurland ta miƙa gidan ga ƙungiyar marubuta waƙoƙi ta Nashville, NSAI, wadda aka kafa a 1967. Wannan miƙawar ce ta hana wurin komawa kantin sayar da riguna da hulunan 'yan yawon buɗe ido, domin masu shi yanzu su ne masu sana'ar.

Ga yadda zaman da'irar yake tafiya. Marubuta uku ko huɗu ne, kowa da jitarsa da makirfo a gabansa, wani lokaci ɗaya yana kan fiyano. Babu ganga, babu 'yan rawa, babu hayaƙi da walƙiyar fitila. Na farko zai yi ɗan bayanin yadda waƙa ta zo masa, da wa suka rubuta, wa ya ƙi ta, wa ya karɓa, sannan ya rera. Sai na damansa ko na hagunsa ya ɗauka. Haka za a yi ta zagayawa har awa ɗaya da rabi zuwa biyu, kowa ya samu waƙa huɗu ko biyar. Idan sun san juna, sai ka ji wannan ya shigo da murya ta biyu a amshi, wancan ya cike gurbi da 'yan yatsu a jita, ana yi ana zolayar juna. Idan ba su san juna ba, ko ɗaya ya fi sauran nesa ba kusa ba, zaman yakan yi sanyi, kowa na jiran layinsa kawai. Saboda haka sunayen da ke kan jadawalin daren sun fi komai muhimmanci, kuma ya kamata a bincika su tun kafin a biya.

Dokar gidan ita ce shiru. Ana waƙa ba a hira, ko da raɗa ce. Ma'aikata za su tsawatar, waɗanda ke kusa da kai ma za su harare ka. Masu kai abinci suna tafiya a duƙe, suna karɓar oda da ƙasa-ƙasar murya. Wasu baƙi suna ganin tsananin ya yi yawa ga wurin da ake sayar da abinci da abin sha, amma ba don shi ba da babu abin da ya bambanta gidan da mashayun titin Broadway na tsakiyar gari, inda makaɗa ke ta fama jama'a na ihu a kansu. A nan kana jin ƙarar yatsa a kan tsirkiya, kana jin numfashin mai rerawa kafin ya shiga baiti. Yawancin marubutan nan muryarsu ba ta kai ta taurarin da suka rera waƙoƙinsu ba, wasu ma tana rawa. Sai dai sun san inda nauyin kowace kalma yake, kuma idan aka cire ganguna da goge da kwalliyar situdiyo, a nan ake gane waƙar da ke da ƙashi da wadda kwalliya ce ta riƙe ta.

Don a gane irin mutanen da ke zama a tsakiyar ɗakin nan, babu misalin da ya kai Don Schlitz, tunda tarihinsa da na gidan a haɗe suke. An haife shi a Durham ta jihar North Carolina a 1952. Ya shigo Nashville a 1973 yana ɗan shekara 20, ya samu aikin dare na kula da kwamfuta a Jami'ar Vanderbilt. Da dare aiki, da rana yawon kai waƙoƙi ofis-ofis a unguwar da ake kira Music Row, wato titunan 16th Avenue da 17th Avenue, inda kamfanonin waƙa suke cikin tsofaffin gidajen zama da aka mayar ofisoshi. Cikin waɗanda suka ba shi kunne akwai Bob McDill, marubucin da ya rubuta wa Don Williams waƙoƙi da dama, ciki har da "Amanda". A 1976, yana da shekara 23, Schlitz ya rubuta "The Gambler". Ya sha ba da labarin cewa mafi yawanta ta zo masa ne yana tafiya a ƙafa zuwa gida daga ofishin McDill, amma baitin ƙarshe sai da ya ci masa makonni.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin sana'ar. Waƙar ta yi shekara biyu tana yawo. Tana da tsawo, babu soyayya a ciki, kuma amshin ba ya zuwa da wuri, duk abubuwan da masu rediyo ba sa so. Bobby Bare ya ɗauke ta, ba ta yi tasiri ba. Shi kansa Schlitz ya fitar da ita da muryarsa, ba ta yi nisa ba. Johnny Cash ma ya sa ta a faifansa na 1978. Sai da Kenny Rogers ya rera ta a wannan shekarar, ƙarƙashin mai tsara sauti Larry Butler, sannan ta hau lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin kantiri da suka fi tashe, ta kawo wa marubucinta lambar yabo ta Grammy da kyautar waƙar shekara ta CMA, ƙungiyar masu harkar kiɗan kantiri, a 1979. Kalmomin ba su canza ba tsakanin Bare da Rogers. Murya da lokaci da ƙarfin kamfanin faifai ne suka canza.

Haka ta sake faruwa da "On the Other Hand", wadda ya rubuta da Paul Overstreet. Randy Travis ya fitar da ita a 1985 ta tsaya a lamba 67. Kamfanin ya sake fitar da ita a 1986 bayan wata waƙar Travis ta buɗe masa ƙofa, sai ga ta a lamba ɗaya. Su biyun suka kuma rubuta "Forever and Ever, Amen" ta 1987, wadda ta ba Schlitz Grammy na biyu, da "When You Say Nothing at All", wadda ta ci kasuwa sau uku a bakin mutum uku: Keith Whitley a 1988, Alison Krauss a 1995, da Ronan Keating ɗan Ireland a 1999, lokacin da ta kai lamba ɗaya a Birtaniya. Ƙungiyar ASCAP, mai karɓo wa marubuta kuɗin haƙƙin waƙoƙinsu, ta zaɓe shi gwarzon marubucin kantiri shekara huɗu a jere, daga 1988 zuwa 1991. An shigar da shi zauren girmamawa na Country Music Hall of Fame a 2017, ya zama mamba a Grand Ole Opry, daɗaɗɗen dandalin kiɗan kantiri na Nashville, a 2022. Duk da wannan, ya yi shekaru yana wani zama a Bluebird da ake kira "Don for a Dollar", kuɗin shiga dala 1 tak. Wannan ita ce ɗabi'ar gidan idan yana kan ganiyarsa: mutumin da duniya ta haddace baitinsa yana zaune taku biyu daga farantinka yana yi wa kansa ba'a.

Hirar da marubuta ke yi tsakanin waƙa da waƙa cike take da maganar sana'a, kuma wanda bai san yadda kasuwar take ba rabin daɗin zai wuce shi. Marubucin da ya samu shiga yakan sa hannu da kamfanin dillancin waƙa. Kamfanin yana ba shi kuɗi duk wata, amma ba albashi ba ne, kafin alƙalami ne da za a cire daga abin da waƙoƙinsa suka kawo. A madadin haka kamfanin yana mallakar haƙƙin waƙoƙin, gaba ɗaya ko rabi, gwargwadon yarjejeniya, kuma marubucin zai kawo adadin waƙoƙi da aka ƙayyade a shekara. Waƙar da mutum biyu suka rubuta rabin waƙa ce a lissafi, ta mutum uku kuma sulusi. Aikin kamar na ofis yake: a haɗu da hantsi, wajen ƙarfe 10 ko 11, a ƙaramin ɗaki, kowa ya buɗe littafin da yake tara kanun waƙa, a zaɓi ɗaya, a gina baitoci su kai ga wannan kan, zuwa la'asar a ɗauki abin da aka samu a waya. Al'adar Nashville ita ce raba daidai tsakanin duk wanda ke ɗakin, ko da layi ɗaya ya kawo. McDill ya shahara da zuwa aiki safe zuwa yamma kamar ma'aikacin gwamnati, yana rubutu a manyan littattafan rubutu masu layi, waɗanda daga baya ya ba gidan tarihin Hall of Fame.

Daga nan sai a yi samfuri. Ana ɗaukar makaɗan haya, zama ɗaya awa uku, a ɗauki waƙoƙi da yawa a ciki. Makaɗan ba sa buƙatar a rubuta musu kiɗa dalla-dalla. Suna amfani da tsarin lambobi da Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1950, Charlie McCoy ya faɗaɗa: a rubuta 1, 4, 5 maimakon sunan haɗin sauti, ta yadda idan mai rerawa ya ce a ɗaga ko a sauke, takardar ba ta canzawa. Dillalin kamfani shi zai ɗauki samfurin ya kai wa mawaƙa da masu tsara faifai. Idan wani ya so, sai ya yi kamun waƙar, wato kada a kai wa kowa. A nan ake yawan karya zuciyar marubuci. Ana iya riƙe waƙa wata shida ko fiye, a hana ta zuwa wani wuri, sannan a sake ta ba ko sisi. Ana iya ɗaukar ta a situdiyo a cire ta daga faifai a makon ƙarshe. Ana iya sa ta a faifai amma ba a kai ta rediyo ba. Idan ka ji marubuci a Bluebird ya ce ga wata da wane ya riƙe shekara guda, jama'a suka yi dariya mai ɗaci, abin da ake nufi ke nan.

Lissafin kuɗin shi ke bayyana dalilin da ya sa manyan marubuta ke yawo suna rera waƙoƙinsu da kansu a yau. Daga 2006 zuwa 2022 dokar Amurka ta tsayar da senti 9.1 a kan kowace waƙa a kowane faifai da aka sayar. Faifan da ya sayu kwafi miliyan ɗaya zai kawo wa waƙa guda dala 91,000. Idan mutum biyu suka rubuta, kuma kowa kamfaninsa na ɗaukar rabi, kowane marubuci ya tashi da dala 22,750, ko da waƙar ba ta taɓa shiga rediyo ba. A shekarun 1990, da faifan kantiri ke sayuwa miliyoyi, irin wannan kuɗin ya riƙe ɗaruruwan gidaje. An ɗaga kuɗin zuwa senti 12 a 2023, amma wa ke sayen faifai yanzu? Sauraro ya koma intanet, inda kason marubuta da kamfanoninsu ya tashi daga kashi 10.5 zuwa 15.1 cikin ɗari na kuɗin shigar manhajojin tsakanin 2018 da 2022, bayan doguwar shari'a da NSAI ta tsaya a kai. Abin da ya rage mai tsoka shi ne kuɗin sa waƙa a rediyo da talabijin, wanda ASCAP da takwarorinta BMI da SESAC ke karɓowa, kuma wannan sai waƙar da aka zaɓa aka tura rediyo. Don haka marubucin da ke gabanka a ɗakin nan, idan ba ya cikin 'yan tsirarun da ke cin rediyo, kuɗin ƙofar daren yana da amfani a wurinsa.

Akwai labarai biyu da ke kawo mutane, kuma su ne ke sa wasu fita da takaici. A 1988 mawaƙi Garth Brooks, wanda kamfanin faifai na Capitol ya riga ya ƙi, ya cike gurbin wani da bai zo ba a wani zama a nan, Lynn Shults na Capitol ɗin yana cikin jama'a, a daren kamfanin ya canza shawara. A 2004 kuma Scott Borchetta ya ga Taylor Swift tana 'yar shekara 14 a ɗakin, ya ɗauke ta a kamfanin Big Machine da ya kafa a 2005. Sannan wani shirin talabijin mai dogon zango mai suna "Nashville" da aka fara a 2012 ya gina kwafin ɗakin a situdiyo ya nuna wa duniya. Tun daga lokacin layi ya ƙi ƙarewa. Gaskiya taurari sukan faɗo ba sanarwa, Swift ɗin ma ta yi haka a 2018. Amma wannan sa'a ce, ba a saye ta da tikiti. Dare na yau da kullum shi ne mutum uku ko huɗu da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba.

Samun kujera shi ne babban aibin wurin. Yawanci zama biyu ake yi a dare, na farko wajen ƙarfe 6, na biyu wajen 9. Na farko ya fi karkata ga masu tasowa kuma ya fi sauƙin kuɗi, na biyu shi ne na waɗanda suka ci kasuwa, kuɗin ƙofarsa ya fi yawa. Ana kama wuri ne a shafin gidan na intanet, kuma tsarin da aka daɗe a kai shi ne a buɗe kusan mako guda kafin ranar, da ƙarfe 8 na safe agogon Nashville. Ga mai shirya tafiya daga Najeriya ko Nijar, ƙarfe 2 na rana ke nan daga tsakiyar Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe 3 a sauran watanni. Kowane zama an rubuta ranar da za a buɗe shi a jikin jadawali, a duba wannan tukuna. Kujerun sukan ƙare cikin 'yan mintoci. Abin da ke kayar da mutane sanannu ne: shiga shafin bayan lokaci ya buga, tsayawa zaɓen tebur mai kyau har wani ya ɗauke, neman kujera shida wuri ɗaya a ɗakin da teburansa ƙanana ne, da katin banki da ya ƙi biyan dala a daidai lokacin. A buɗe shafin minti goma kafin lokaci, a gwada katin tun jiya, a nemi kujera biyu, a karɓi duk wadda ta samu. Wanda ya rasa ya riƙa leƙawa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, domin masu fasawa suna sakin nasu.

Hanya ta biyu ita ce layi a ƙofa. Akan bar 'yan kujeru kaɗan, galibi a bencinan baya, ga wanda ya riga zuwa, sannan kujerar wanda ya kama wuri bai iso kan lokaci ba ana ba wa na layi. Sai dai layin a waje yake, gefen wurin ajiye motoci, babu inuwar kirki. Yuli da Agusta a Nashville zafi ne mai gumi, Janairu kuma sanyi mai shiga ƙashi. Makon CMA Fest, babban bikin kiɗan kantiri na watan Yuni, kada ma a gwada. Wurin ajiye mota ƙarami ne, kuma shagunan maƙwabta ba sa wasa da nasu filin, ana iya janye motar mutum. Tasi ta waya ta fi kwanciyar hankali, ko bas mai lamba 7 ta kamfanin WeGo da ke bin Hillsboro Pike daga tsakiyar gari. Titin yana cushewa da yamma lokacin tashi daga aiki, mai zuwa zaman ƙarfe 6 ya ƙara rabin awa a lissafinsa.

Game da inda za a zauna, a zaman da'ira babu kujerar da ke ganin fuskar kowa. Teburan da ke manne da marubutan suna ba ka kusanci har kana iya karanta takardar da ke kan cinyarsu, amma ɗayansu zai juya maka baya har a tashi. Layi na biyu ya fi daidaito, ga gani ga ji. Bencinan baya suna da tauri kuma babu teburin kirki, faranti a cinya. Kujerun kantar abin sha na manya ne kawai, kuma nan ne ƙarar kofuna da ƙanƙara ta fi yawa. Mai jiki ko mai ciwon gwiwa ya nemi bakin hanya, domin da an fara fita sai an tayar da mutane.

Abinci kuwa, kowane mai kujera dole ya kashe wani mafi ƙarancin kuɗi a ci ko sha, ban da kuɗin ƙofa. Abin da ake dafawa shi ne na kowane ƙaramin gidan abinci a Amurka: burodi da nama a tsakiya, soyayyar kaza, soyayyen dankali, ganye, ɗan kayan zaƙi. Yana zuwa da zafi, yana cika ciki, ba wanda zai tuna shi washegari. Kicin ɗin ƙarami ne kuma kusan mutum 90 ke yin oda a lokaci guda, don haka a yi oda da zarar an zauna, kafin a fara waƙa. A guji abin da ke buƙatar wuƙa da cokali mai yatsu, domin a ɗakin da ya yi tsit ƙarar ƙarfe a faranti tana kaiwa ko'ina. A lissafa harajin saye da ya kusa kashi 10 cikin ɗari, da ihsanin ma'aikaci na kashi 18 zuwa 20, wanda a Amurka kusan wajibi ne.

Musulmi ya san abu biyu kafin ya shiga. Ana sayar da giya a wurin, kuma na kusa da kai zai iya kasancewa yana sha, ko da yake dokar shiru ta sa ba wurin maye da hayaniya ba ne. Lemo, shayi da kofi suna shiga lissafin mafi ƙarancin kuɗin. Na biyu, girkin kudancin Amurka yana son naman alade, yakan ɓuya a cikin ganye, miya da burodi, don haka a tambaya kafin a ci. Mafi sauƙi a ci abincin kirki tun da rana a titin Nolensville Pike, inda Kurdawa da sauran Musulmi ke da gidajen abinci da mahautan halal, a zo nan a tsaya kan dankali da shayi. Babu wurin salla a ciki. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, sai a yi magariba kafin a zo, a tsakiyar bazararsu kuma tana kaiwa ƙarfe 8, an tashi zaman farko ke nan. Watannin tsakani ne ke karo da zaman ƙarfe 6. Masallacin Islamic Center of Nashville yana 12th Avenue South, tafiyar 'yan mintoci a mota.

Ga mai rubuta waƙa da ke son gwada kansa, daren Litinin na kowa da kowa ne, ana yin rajista a ranar, gurabe kaɗan ne. Sharaɗi shi ne waƙar ta zama taka, kuma da kayan kiɗa a hannu, ba a kunna kiɗan da aka riga aka ɗauka. Waƙa ɗaya ce, wani lokaci biyu. Daren marubuta na Lahadi kuwa sai an ci jarrabawa, wadda ake yi 'yan lokuta a shekara, kuma minti ɗaya kacal ake ba mutum, wato baiti da amshi. Kurakuran sababbi iri ɗaya ne kullum. Su hau da jitar da ba a saita ba, alhali ta fito daga zafin mota ta shiga sanyin na'ura, tsirkiya ta motsa, sai a saita ta a gefe minti biyar kafin a kira suna, a sake dubawa bayan an ɗaura mata maɗauri a wuya. Su ɓata rabin lokacinsu a kiɗan share fage kafin kalma ta farko ta fito. Su yi dogon bayanin abin da waƙar ke nufi, wanda a Nashville alama ce cewa waƙar ba ta iya faɗa da kanta ba. Ko su zaɓi mai sanyi mai tsawon minti biyar bayan mutum goma sun yi irinta. Daren Litinin ga mai sauraro kuwa caca ne, za a ji masu kyau biyu ko uku a cikin tarin waɗanda ba su nuna ba.

Wurin ba na kowa ba ne. Komai ya rataya a kan kalmomi, da Ingilishin kudancin Amurka mai jan baki da cin ƙarshen kalma, ga barkwancin cikin gida. Wanda Ingilishinsa na karatu ne kawai zai kama amshi ya rasa labarin. Dabarar ita ce a ɗauki sunayen marubutan daren, a nemo waƙoƙin da suka rubuta wa wasu, a saurara a karanta baitocin tun a masauki. Yara ƙanana ba za su iya shirun awa biyu ba, taron abokai masu son hira ma gara su nufi wani wuri. Ga mai son sanin yadda ake gina waƙa kuwa, zaman ƙarfe 9 na tsakiyar mako, Talata zuwa Alhamis, shi ne zaɓi, domin 'yan gari da 'yan sana'a sun fi yawa a ciki, marubutan kuma sun fi sakin jiki su gwada sababbin da ba a ɗauka ba tukuna.

Wanda ya yi duk dabarar bai samu kujera ba, tafiyarsa ba ta lalace ba. The Listening Room Cafe, kusa da tsakiyar gari, yana yin irin wannan zaman a ɗaki mafi girma, tikitinsa ya fi sauƙin samu, abincinsa ya fi yawa, sai dai marubutan a jere suke kan dandamali suna fuskantar jama'a, kusancin ya ragu. A watannin ɗumi gidan Bluebird kan shirya zama a fili a kan tudun Dyer Observatory na Jami'ar Vanderbilt, inda ake zuwa da kujera da abinci daga gida. Idan kuma tafiyar ta dace da ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, NSAI tana yin bikin Tin Pan South, wanda aka fara a 1993: kusan mako guda, ɗaruruwan marubuta a wurare da dama cikin gari, kuma Bluebird na cikinsu.